Lalacewar Tsakiyar Gani a Tsufa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gwajin da Ke Gano Ta

A gidajenmu, idan ganin dattijo ya ragu, ɗayan biyu ake faɗa: ko a ce tsufa ne, ko a ce yana ce ta fito. Sau da yawa yanar ce kuwa. Amma akwai wani ciwon da yake zaune can bayan ido, inda ba a ganinsa sai da na'ura, yana cin tsakiyar gani yana barin gefe. Mai shi yakan tafi masallaci ba ɗan jagora, ya kauce wa kwata, ya kauce wa babur, amma wanda ya miƙo masa hannu a gaisa ya kasa gane fuskarsa. Har wasu su ɗauka girman kai ne ya shige shi. Likitoci suna rubuta ciwon a kati da haruffa uku, AMD. A nan za mu kira shi lalacewar makula ta tsufa.

Mece ce makula, kuma me yake samunta?

A cikin ƙwayar ido, daga baya, akwai wata shimfiɗa siririya kamar ɓawon albasa da ake kira retina. A kanta hasken da ya shiga ido yake sauka, ita kuma ta mai da shi saƙo ta aika wa ƙwaƙwalwa ta jijiyar gani. A tsakiyar shimfiɗar nan akwai wani ɗan wuri mai faɗin milimita 5 da rabi, bai kai ƙwayar wake ba. Ita ce makula. Duk wani gani na ƙwaƙƙwafi a kanta ya rataya: karatu, gane fuska, zura zare a allura, tsince tsakuwa a shinkafa, bambance ɗari biyar da dubu. Sauran shimfiɗar aikinta ganin gefe ne da lura da motsi.

Idan shekaru suka ja, galibi daga hamsin zuwa sama, sashen da ke ƙarƙashin makula, wanda yake ciyar da ita yana kwashe mata datti, yakan gaji. Dattin sai ya riƙa taruwa, ƙwayoyin gani su riƙa mutuwa sannu a hankali. Wannan shi ne nau'in da ake kira busasshe, kuma shi ne ke kan kusan mutum 85 zuwa 90 cikin 100 na masu ciwon. Yana ɗaukar shekaru. Nau'i na biyu shi ne mai yoyo: wasu sababbin jijiyoyin jini marasa ƙwari suke tsirowa daga ƙasa, su riƙa tsiyayar da ruwa da jini a cikin makula. Masu shi ba su da yawa, amma shi ya fi yin ɓarna, don cikin makonni kaɗan yana iya tafiya da tsakiyar gani. Busasshen yana iya juyewa ya zama mai yoyo a kowane lokaci.

Sunayen nan biyu ba su da alaƙa da hawaye ko bushewar ido. Labarin abin da ke faruwa a ciki suke bayarwa.

Idon mahaifina garau yake, babu ja, babu fari, ba ya ciwo. Ta yaya za a ce akwai cuta?

Haka ciwon yake. Yanar da ta nuna ana hango farinta a baƙin ido, hakiya ma kowa yana ganinta. Makula kuwa tana ƙarshen ido ne, kuma retina ba ta jin zafi. Duk kallon da za ka yi wa idon Baba a tsakar gida, ko da fitilar waya, ba zai nuna maka komai ba. Sai an buɗe ƙofar baƙin idon da magani an leƙa ciki.

Waɗanne alamomi ne za su sa a yi zargi?

Wadda ta fi kowacce muhimmanci ita ce karkacewar miƙaƙƙen abu. Ƙyauren ɗaki ya lanƙwashe a tsakiya, falwayar lantarki ta yi doro, layin rubutu a Alƙur'ani ko jarida ya riƙa hawa da sauka kamar an hango shi a cikin ruwa. Wannan yakan nuna cewa ruwa ya shiga ƙarƙashin makula ya ɗaga ta.

Sai kuma duhu, ko hazo, ko wani gurbi a daidai inda mutum ya tsayar da ido: ya ga kunnuwa da hula, hanci da idanu babu. Wasu haruffa su ɓace daga tsakiyar kalma. Buƙatar haske mai yawa kafin a iya karatu. Daɗewa ba a gani idan an shigo ɗaki daga rana. Launi ya koɗe. Wani lokaci abu ya fi ƙanƙanta a ido ɗaya fiye da ɗayan.

A matakin farko kuwa, sau da yawa babu alama ko ɗaya. Mutum ya je a canja masa gilashin karatu, a can a gano.

Me ya sa mutane ba sa lura sai abu ya yi nisa?

Saboda idanu biyu muke da su, kuma mai lafiyar yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Ƙwaƙwalwa tana ɗaukar hoton da ya fi kyau ta cike gurbin. Mutum yana iya yin watanni tsakiyar ganin idonsa na hagu ya tafi bai sani ba, sai ranar da ƙura ta faɗa masa a na dama ya murza.

Don haka gwajin farko ba ya bukatar ko sisi. Ki zauna kusa da mahaifiyarki da rana ki ce, “Inna, rufe idon dama da tafin hannu ki dubi bakin ƙofar can. A miƙe kike ganinsa? To, dubi fuskata, kina ganin hancina da bakina?” Sannan a sauya ido. Minti biyu ya isa. Da za a riƙa yi wa iyayenmu haka ko da sau ɗaya a mako, da yawa za a kai su asibiti da sauran abin ceto.

Idan na je asibitin ido, me za a yi mini?

Da tambayoyi ake farawa, kuma amsoshinka sashe ne na gwajin. Yaushe ka fara lura? A hankali abin ya zo ko dare ɗaya? Ido ɗaya ko biyu? Kana shan taba, ko ka taɓa sha? Akwai ciwon suga ko hawan jini? A dangi akwai wanda ganinsa ya tafi haka? Waɗanne magunguna ka daɗe kana sha? Kada kunya ta sa a ɓoye maganar taba a gaban ’ya’ya. Idan da nauyi, a nemi su ɗan fita.

Daga nan sai allon haruffa, wanda manya suke sama ƙanana suke ƙasa. Wani likitan ido ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, ya tsara shi a 1862. Ana tsayawa nisan mita 6, a gwada kowane ido shi kaɗai. Idan ka ga an rubuta 6/6 a katinka, ganinka daidai yake. Idan 6/60 ne, ma'anarsa abin da mai lafiyar ido yake karantawa daga mita 60, kai sai ka matso mita 6. Za a kuma ba ka wani abu mai ɗan huji kamar na allura ka leƙa. Idan gani ya gyaru ta hujin, galibi matsalar ta gilashi ce. Idan makula ce ta lalace, hujin ba ya ƙara komai, wani lokaci ma duhun yake ƙarawa.

Sai a auna matsin ruwan ido, saboda hawan jinin ido. Sai a zaunar da kai gaban na'ura mai siririn haske, ka ɗora haɓa da goshi, a duba gaban idon da yanar idan akwai. Bayan haka ne ake ɗiga maganin buɗe ido.

Ban yi boko ba. Zan iya gwajin allon?

Ƙwarai. Akwai allo mai harafi ɗaya tak mai ƙafafu uku, ana jujjuya shi, kai kuma ka nuna da hannu inda ƙafafun suka fuskanta: sama, ƙasa, dama ko hagu. Sakamakonsa ana aiki da shi kamar na mai haruffa.

Me ya sa sai an ɗiga maganin da ke sa gani ya yi biji-biji?

Ɗan ramin da ke tsakiyar baƙin ido shi ne tagar da likita yake leƙawa, kuma da haske ya taɓa shi sai ya tsuke. A tsofaffi ma dama ƙarami ne. Leƙa makula ta wannan ramin kamar duba ɗaki ne ta kafar makulli. Maganin yana buɗe tagar ya hana ta tsukewa.

Yana ɗan yin yaji na daƙiƙoƙi. Yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya kama, kuma idanu masu duhun launi irin namu sukan fi jinkiri, har a ƙara ɗigo na biyu. Bayan an gama, ganin kusa zai dushe, rana za ta riƙa kashe ido na kimanin awa 4 zuwa 6, wani ma ya wuce haka. Kada ka tuƙa mota ko babur ranar. Ka zo da ɗan rakiya da baƙin tabarau.

Akwai masu gudun maganin nan don sun ji an ce yana rage gani. Dushewar ta wucin gadi ce. Abu ɗaya da za a kiyaye: idan bayan an koma gida ido ya kama ciwo mai tsanani, ya yi ja, da ciwon kai da tashin zuciya, a koma asibiti a ranar, don a wasu mutane ƙalilan maganin yakan tayar da matsin ido. Ni a ganina, dattijon da ya yi kukan raguwar gani aka sallame shi da gilashi kawai, ba a buɗe ido an duba bayansa ba, ba a gama masa gwaji ba.

Me likitan yake nema a can ciki?

Da farko wasu ɗige-ɗige ne rawaya a ƙarƙashin makula, ana kiransu durusan. Su ne dattin da ya taru. Girmansu ake dubawa. Ƙanana ƙalilan kusan kowane tsoho yana da su, ba a ɗaukarsu cuta. Matsakaita suna nuna matakin farko. Manya, waɗanda faɗinsu ya wuce maikuron 125, wato kusan kaurin gashin kai mai kauri, ko kuma sauyin launi a wurin, suna nuna mataki na tsakiya, kuma daga nan ne ake sa ido sosai.

Mataki na ƙarshe fuska biyu gare shi. A busasshe, za a ga wani fili da ƙwayoyinsa suka mutu, mai iyaka a fili kamar taswira. A mai yoyo, za a ga jini, ko kumburi, ko ruwa, ko tabon da ya riga ya kafu. Yawancin asibitoci masu kayan aiki suna ɗaukar hoton bayan idon mai launi su ajiye, don a kwatanta da na gaba.

An ba mu wata takarda mai gida-gida da ɗigo a tsakiya. Yaya ake amfani da ita?

Sunanta ragar Amsler, daga sunan likitan ido Marc Amsler na ƙasar Suwizalan, wanda ya fito da ita a shekarun 1940. Murabba'i ce mai santimita 10 kowane gefe, an raba ta gida 20 a tsaye 20 a kwance, da ɗigo a tsakiya.

Ka sa gilashin karatunka idan kana da shi. Ka zauna inda haske yake sosai. Ka riƙe takardar nisan kimanin santimita 30, kamar yadda kake riƙe littafi. Rufe ido ɗaya, ka kafe ɗayan a kan ɗigon, kada ka bar shi ya yi yawo. Kana kallon ɗigon, ka lura: kusurwoyi huɗun duk suna nan? Layukan a miƙe suke? Akwai inda suka lanƙwashe, ko suka dushe, ko suka ɓace? Ka sa alama da fensir a wurin, ka rubuta kwanan wata. Sai ɗaya idon.

Wanda aka riga aka ce yana da busasshen nau'i, ya liƙa ta inda zai riƙa ganinta kullum, kusa da inda yake ajiye carbi ko rediyo. Idan babu bugaggiya, takardar littafin lissafi mai gida-gida ta wadatar, a sa ɗigo a tsakiya. Jerin bulo da ƙarafan taga ma suna aiki.

Sai dai kada a dogara da ita ita kaɗai. Ƙwaƙwalwa tana iya cike ƙaramin gurbi mutum ya ga layukan lafiya lau alhali ciwon yana nan. Amfaninta shi ne ta nuna sabon sauyi tsakanin zuwa asibiti da zuwa asibiti.

Mene ne OCT, kuma ya cancanci kuɗin da ake biya?

Duk gwaje-gwajen da muka ambata saman makula suke nunawa. OCT yana nuna cikinta, hawa-hawa, kamar an yanka burodi an dubi tsakiyarsa. Da haske marar cutarwa yake aiki. Babu allura, babu abin da zai taɓa idon, kuma ba irin hoton ƙashi ba ne. Ka ɗora haɓa, ka kalli wani ɗan haske, cikin mintuna kaɗan an gama. A 1991 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka, cikinsu har da James Fujimoto da David Huang da Eric Swanson, suka fara bayyana fasahar, kuma a 2023 aka ba su ukun lambar yabo ta Lasker saboda ita.

A hoton, durusan suna fitowa kamar ƙananan tuddai. Ruwa yana fitowa baƙi, a cikin retina ko a ƙarƙashinta. Inda ƙwayoyi suka mutu, shimfiɗar tana sirancewa. Tambayar da ta fi kowacce nauyi, wato busasshe ne ko mai yoyo, wannan hoton ne yake amsa ta da sauri, kuma da shi ake sanin ko allura tana aiki. Idan likita ya yi zargin makula ya ce a yi OCT, kuɗin bai tafi a banza ba. Na fi son a rage kuɗin wani abu a yi shi, a kan a shekara ana sayen magungunan ɗigawa bisa zato. Yana mai kauri tana iya hana hoton fitowa sosai.

An ce za a yi wa mahaifiyata allurar rini. Ba haɗari?

Wannan gwajin yana nuna inda jijiya take yoyo. Ana sa rini rawaya mai suna fuloresin a jijiyar hannu, cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 ya isa ido, a riƙa ɗaukar hotuna yana zagayawa. Inda jijiya ta fashe, rinin sai ya malala ya yi haske. Ɗaliban likitanci biyu a jami'ar Indiyana ta Amurka, Harold Novotny da David Alvis, suka bayyana hanyar a 1961.

A sanar da Hajiya tun kafin a fara cewa fatarta za ta ɗan yi rawaya na wasu awowi, fitsari kuma zai yi rawaya sosai kwana ɗaya ko biyu. Ba shawara ba ce, rinin ne yake fita. Wasu sukan ji tashin zuciya na ɗan lokaci. Jiki ya ƙi rinin har abin ya yi tsanani yana faruwa amma ba kasafai ba, shi ya sa a asibiti ake yinsa da magungunan gaggawa a kusa. A gaya wa likita idan akwai asma, ko ciwon ƙoda, ko wani magani ya taɓa yi mata borin jini.

Akwai wani rinin kore da yake nuna jijiyoyin da suka fi zurfi, kuma sababbin na'urorin OCT suna iya nuna jijiyoyi ba tare da rini ba. Ba kowa ake yi wa gwajin rini ba.

Na ji an ce ciwon Turawa ne. Mu ma yana kama mu?

Ya fi yawa a Turawa, gaskiya ne, kuma a ƙasashensu yana sahun gaba wajen raba tsofaffi da gani. An ƙiyasta masu shi a duniya sun kai miliyan 196 a 2020, ana sa ran su kai miliyan 288 a 2040. A Nijeriya, binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007, wanda ya duba mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya samu kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, kuma yana ce ta jawo kashi 43 na makantar, hawan jinin ido ya biyo da kusan kashi 17. Don haka idan tsohonmu ya daina gani, waɗannan biyun ne farkon abin zargi.

Amma ƙarancin abu ba rashinsa ba ne. Muna samunsa, kuma akwai wani reshe na nau'i mai yoyo, inda jijiyoyin ƙasa suke yin ƙulli-ƙulli kamar nonon inabi, wanda ya fi yawa a mutanen Asiya da baƙar fata. Yakan zo da zubar jini kwatsam, sau da yawa ba tare da durusan masu yawa ba, kuma rinin kore ne ya fi fito da shi.

Abubuwan da ke ƙara haɗari su ne shekaru, gado, hawan jini, ƙiba, da taba. Mai shan sigari haɗarinsa ya ninka na marar sha sau biyu ko fiye, kuma cikin jerin nan taba ce wadda mutum zai iya ajiyewa yau.

Ta yaya ake bambance shi da sauran cututtukan ido?

Yana tana dushe gani gaba ɗaya kamar hazon hunturu, fitilar mota da dare ta riƙa tarwatsewa a ido, amma ba ta lanƙwasa layi. Hawan jinin ido akasin makula yake yi: daga gefe yake fara ci, tsakiya ce take saura har ƙarshe.

Masu wuyar bambancewa su ne sauran cututtukan da suke taɓa makular kanta. Ciwon suga yana kumbura ta, kuma a wajenmu wannan ya zama ruwan dare. Hawan jini yana iya toshe jijiyar bayan ido. Makula tana iya hujewa, ko wata ’yar fata ta tsiro a kanta ta tattare ta. Sikila tana taɓa retina. Shan kulorokwin ko danginsa na tsawon shekaru yana lalata makula, kuma akwai dattawan da suka daɗe suna shansa duk lokacin da jiki ya yi zafi, don haka a faɗa wa likita. Alamomin duk suna kama da juna a wajen marar lafiya, maganinsu kuma daban-daban ne. Shi ya sa likita zai iya cewa a auna suga da hawan jini alhali kukan ido aka kawo.

An ce Baba yana da yana, amma likita ya ce ko an cire ba lallai gani ya dawo duka ba. Me ya sa?

Tsoho ɗaya yana iya samun ciwon biyu a ido ɗaya. Cire yana kamar wanke gilashin taga ne: haske zai shiga, ganin gefe zai gyaru, tafiya za ta yi sauƙi. Amma idan makula ta riga ta lalace, karatu da gane fuska ba za su dawo yadda ake fata ba. Likitan da ya faɗi haka tun kafin aiki gaskiya ya gaya muku. Idan yanar ta yi kauri har ba a hango baya, sai bayan aiki ake sanin halin da makula take ciki. Masu tura yana ta hanyar gargajiya kuwa ba su da hanyar duba bayan ido ko kaɗan, kuma aikin nasu yakan lalata idon.

Yaya saurin da ake bukata?

Layi ya karkace, ko duhu ya bayyana a tsakiyar gani cikin kwanaki: a tafi asibitin ido cikin makon, kada a jira bayan girbi ko bayan biki ko sai ɗa ya dawo daga tafiya. A Ingila ƙa'idarsu ita ce wanda aka tabbatar yana da nau'i mai yoyo a fara masa magani cikin kwana 14 daga ranar da aka tura shi. Idan jini ya daɗe ya zama tabo, babu allurar da take mai da shi.

Idan an gano, akwai magani?

Ga mai yoyo, akwai. Allura ce ake yi a cikin ƙwayar ido, bayan an kashe zafin wurin da maganin ɗigawa, tana hana jijiyoyin nan tsiro da yoyo. Jin sunanta ya fi yinta tsoro. Cikin magungunan allurar, Lucentis ya samu amincewa a Amurka a 2006, Eylea a 2011, Vabysmo a 2022. Avastin, wanda asalinsa maganin ciwon daji ne, likitocin ido sun daɗe suna amfani da shi don ya fi araha nesa ba kusa ba. Galibi ana farawa da allura ɗaya duk wata har sau uku, sannan a riƙa duba OCT ana tsara na gaba. Yawancin masu karɓa ganinsu yana tsayawa inda yake, wasu ma ya ƙaru. Nauyin kuɗi da zirga-zirga gaskiya ne, kuma gara iyali su zauna su tsara shi tun farko, don yankewa a tsakiya yana mai da hannun agogo baya.

Ga busasshe, babu abin da ke dawo da ƙwayoyin da suka mutu. Wani babban bincike a Amurka mai suna AREDS ya nuna a 2001 cewa wani haɗin bitamin da zinki yana rage haɗarin kaiwa matakin ƙarshe da kusan kashi 25 cikin 100 ga masu mataki na tsakiya. A 2013 aka gyara haɗin: bitamin C da E, zinki, sinadarin kofa (jan ƙarfe), lutin da ziyazantin. Ba ya hana marar ciwon kamuwa, don haka likita ne zai ce wa ya dace ya sha. Mai shan taba ya guji tsohon haɗin mai beta-karotin, an samu yana ƙara haɗarin kansar huhu. A 2023 Amurka ta amince da allurai biyu masu rage saurin busasshen da ya yi nisa, amma ba sa dawo da gani.

Ganye irin alayyafo da zogale, da kifi, da ƙwai, suna da amfani ga ido. Babu wani maganin ɗigawa, na kanti ko na gargajiya, da aka tabbatar yana warkar da wannan ciwon. Ruwan ganye ko wani haɗi da ake ɗigawa yana iya ƙone gaban idon ya ƙara wata matsalar a kan wadda ake da ita.

Zan makance gaba ɗaya ke nan?

Da wuya wannan ciwon shi kaɗai ya kai mutum ga duhu baki ɗaya, don ganin gefe yana saura. Mutum zai ci gaba da zagaya gidansa. Madubin ƙara girman rubutu, fitila mai ƙarfi, Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe, wayar da ke karanta saƙo da murya, da koyon kallon abu ta ɗan gefe, duk suna taimakawa. Masu zuwa gaisuwa kuma su riƙa faɗin sunansu: “Kawu, ni ne ɗan wajen Yaya.”

Kakata, tun da ganinta ya ragu, tana cewa tana ganin mutane da furanni a bango. Aljanu ne ko taɓin hankali?

A kai wannan maganar gaban likitan ido kafin a yanke hukunci. Sanannen abu ne ga waɗanda ganinsu ya yi rauni sosai: ƙwaƙwalwa idan ta rasa hotunan da ido yake kawo mata, sai ta riƙa fito da nata. Wani masani ɗan birnin Janiba na Suwizalan, Charles Bonnet, ya rubuta labarinsa a 1760 game da kakansa, wanda yake ganin mutane da tsuntsaye da gine-gine alhali hankalinsa garau. Hotunan ba sa magana, kuma mai ganinsu yakan san ba gaske ba ne. Tsofaffi da yawa suna ɓoyewa don tsoron abin da za a ce. Ku gaya wa Kaka cewa daga idon ne. Idan kuwa tana jin muryoyi ko tana rikicewa, wannan wani abu ne daban da ke bukatar nasa binciken.

Yaushe ya kamata a fara gwaji, kuma a ina?

Wanda ya kai 40 ya yi cikakken gwaji sau ɗaya ko da ba ya jin komai. Daga 65, duk shekara ɗaya ko biyu. Mai ciwon suga duk shekara, komai shekarunsa. Wanda iyayensa ko ’yan’uwansa suka yi ciwon ya faɗa wa likita don a matso masa da lokacin.

Ana iya farawa daga sashen ido na babban asibiti mafi kusa, su tura gaba idan da bukata. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa a Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Jos. Kafin a ɗauko tsoho a yi doguwar tafiya, a bincika ko suna da OCT mai aiki da likitan bayan ido, da ranar da yake ganin marasa lafiya.

Da azumi fa?

Malamai sun yi saɓani kan maganin ɗigawa idan ɗanɗanonsa ya kai maƙogwaro, don haka ka tambayi malaminka. Danne lungun ido na wajen hanci da yatsa na minti ɗaya ko biyu bayan ɗigo yana rage gangarawarsa. Gwajin shekara-shekara ana iya ɗaga shi zuwa bayan salla. Layin da ya karkace jiya ba ya jiran salla.

Me zan tafi da shi, me kuma zan tambaya kafin in fito?

Ka tafi da gilashinka, da kwalayen duk magungunan da kake sha, da tsofaffin katunan asibiti, da ɗan rakiya. A bar kwalli ranar. Kafin ka tashi daga gaban likita ka tambaye shi: busasshe ne ko mai yoyo, wane mataki ya kai, yaya ɗaya idon yake, wace alama ce idan na gani in dawo ba sai ranar da aka ba ni ba. Ɗan rakiyar ya rubuta amsoshin. Ka roƙi a ba ka kwafin hoton OCT, ko a bar ka ka ɗauke shi da waya yadda kwanan wata zai fito, ka ajiye shi tare da katin, don duk likitan da zai gan ka nan gaba zai bukaci ya jera shi da sabon hoto.